Allura Biyu

Likitan ya iso Yakasai bayan la'asar,
ya jingine babur a bakin zaure,
ya tuɓe takalmi kamar mai shiga gidan gaisuwa.

Kwana tara Ƙosai ba ta ci ba.
Na buɗe mata kifin gwangwani,
ta shinshina, ta kau da kai,
ita da ke jin ƙarar buɗe shi tun daga katangar su Talatu.
Ƙoda ce, in ji shi.
Shekara sha huɗu ba wasa ba ce ga kyanwa.

Na tambayi Malam Sidi a masallacin layinmu.
Ya daɗe yana jan carbi,
ya ce: in wahala kaɗai ta rage mata, sauƙaƙa mata.
Duk da haka ban runtsa ba.

Na shimfiɗa ƙyallayen atamfa
ƙarƙashin keken ɗinki, makwancinta
tun ina koyon yanka.
Allurar farko ta barci ce.
Ta ɗora haɓa a tafin hannuna,
gurnaninta na ta yin ƙasa
kamar janareton maƙwabta in mai ya ƙare.
Ta biyun ban kalla ba.
Agogon bango na kalla: biyar saura kwata.
A waje ɗan garuwa na tura kura.

Likita ya ce, shi ke nan.
Kuɗin ma sai da na matsa ya karɓa.

Na haƙa mata a gindin gwanda.

Da daddare ɓera ya bi ta kan buhun gero,
ko sauri ba ya yi.
Na buɗe baki zan kira ta.