Igiya a Hannun Labbo

Damina biyu da ɓacewar Duna
na gan shi a karar shanu ta Gummi.
Ya rame, an sake masa igiya,
amma tsagar kunnen hagu tana nan,
da kantar garma a doron wuya.
Na yi fito irin na gona.
Ya ɗago kai, ya bar dusar da yake ci,
ya taho yana jan mai riƙe da shi.

Sunan mutumin Labbo.
Ba shi da fuskar ɓarawo,
in ma ɓarawo yana da fuska.
Ya ce a Daki Takwas ya saya, kuɗi hannu,
ba takarda, dillalin kuwa ya tafi ci-rani.

Ranar Talata muka tsaya gaban alƙali.
Ba wuta, magatakarda na fifita da fayil.
Na ce, Allah gafarta malam, sana ne.
Ya ce, a hannun wa aka same shi?
Na ce, hannunsa.
Ya ce, shari'a ta tarar da igiya a hannun Labbo,
inda ta tarar da abu kuwa nan take barinsa
sai an zo da abin da zai ɗaga shi.
Kai ka faɗa, kai za ka kawo.
Shi nasa zama ne.

Sai ran nan na san zama ma aiki ne.

Na ce, ga ƙanena Arzika.
Aka ce rumbunmu ɗaya, bakinsa bakina ne.
Na ce, Jaɓɓi, wanda ya tsaga kunnen da askarsa.
Jaɓɓi na kwance bayan gari tun bara.
Saura maƙwabcina Hantsi.
Ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallo,
ya ce, wallahi ya yi kama.
Kama da wane kuwa ba ta wane.

Na ce, a sake shi a bakin hanya,
in bai kai kansa turkena ba, a ɗaure ni.
Alƙali ya cire tabarau ya murza ido:
Nomau, sa yana amsa muryar da ya sani
ko da jiya mai muryar ya sayar da shi.
Fitonka ya nuna ya taɓa zama naka,
bai nuna yadda ya bar hannunka ba.

Labbo ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani.
Na zuba wa hannunsa ido.
Bai yi rawa ba.
Na so ya yi.

A hanyar gida, daidai fadamata,
ƙafa ta ƙi gaba.
Nan ne Bagudu ya taɓa cewa gonar kakansa ce.
Ko ƙyallen takarda ba ni da shi a lokacin,
sai fartanya da shekara ashirin na gumi.
Alƙalin wancan zamani ya dube shi ya ce,
kai ka faɗa, kai za ka kawo.
Ni na zauna.
Na ji daɗin zaman ƙwarai,
har na riƙa cewa a majalisa shari'a uwa ce.
Ban taɓa tambayar kaina ba
da me Bagudu ya kwana a ransa.

Bangon da na jingina da shi a inuwa
yau shi na kai wa goshi.

Uwar yara ta tare ni a zaure,
ta ce, wa ya ci?
Na ce, igiya.

Turken na nan, ban tumɓuke ba,
kaji na tono a gindinsa.
An ce an ga dillalin a Jega yana cinikin albasa,
wani ya ce a'a, Yauri.
Na sayar da tiya shida ta gero, na ƙulle kuɗin mota.
Kayan nawa ne.
Ba wanda zai aza mini gammo.