Kalma Ɗaya a Shafi na Tara

Na sauka Kamba da la'asar sakaliya.
Inna Tumba na bakin zaure tana tsintar shinkafa,
ba ta ko ɗago ba ta ce,
"Mi kaka yi can, Arzika, da har ka fara hurhura?"
Na ce, "Gadin kalma nake yi, Inna."
Ta yi dariya har faifai ya karkace.

To, ta ina zan fara mata?
Kwana uku muka yi a ɗaki mai sanyin randa,
mu shida ta nan, su biyar ta can,
gorunan ruwa jere a tsakani,
duk a kan kalma ɗaya a shafi na tara.
Su suna so a rubuta "za a ba da wuta,"
mu kuwa an aiko mu da "ana iya bayarwa."
Jakada Maidamma ya cire tabarau ya goge,
ya mayar, ya sake cirewa.
Ni ne tafinta. Ta bakina fushi ke bi
ya fito sanye da babbar riga.

Bayan gari ga dogayen ƙarafan nan,
sun ware hannuwa kamar 'yan kokawa,
suna miƙa wa juna waya har ta tsallake iyaka.
Da dare sai ka ji tana kuka kamar zuma a amya.
A ƙarƙashinta Kakale ke da injin casa,
ya tare ni, hannunsa duk baƙin mai:
"Kai da ke zama da manya, tambayo mini.
Wuta na bi ta kanmu kamar shamuwa, ba ta sauka.
Jarka biyu na sha yau, ribar ta bi hayaƙi."

Na so in ce masa, Kakale, dubi Kwara,
ta ƙofarsu take biyowa kafin ta gaishe mu.
Ran da suka datse mata wuya,
da me injinan Kainji za su yi alwala?
Ruwa na gangarowa, wuta na haurawa,
igiya ce, kowa ya ja da ƙarfi ya faɗi da baya.
Ban faɗa ba. Mai bashin gas ba ya cin bayani.

Na so kuma in ce masa Hassu,
ƙanwata da ke aure a Gaya, ungozoma ce,
ta taɓa yanke cibi da fitilar wayar hannu
a cije tsakanin haƙoranta.
Daren nan ba ya cikin kowane shafi.

Bayan isha'i na kwance wa Inna zancen duka.
Ta daɗe tana juya goro a baki.
"Da muna amare," in ji ta, "ashana sai gidan hakimi.
Da asuba yarinya kan zo da kasko ɗibar wuta.
Ban taɓa ce mata ana iya ba.
Amma sai na duba murhuna tukuna,
in ga abin da zai kai ni tuwon dare.
Wadda ta hana, ranar da nata ya mutu,
ta san tsawon hanya."
Ta tofar da goron, ta shige ɗaki.

Na zauna a tabarma da biro da bayan ambulan.
Wayata na ta canza ƙasa,
can ta ce barka da zuwa Nijar, can ta dawo gida.
Na rubuta "za a," na soke.
Na rubuta "ana iya," na soke.
Na rubuta "gwargwadon abin da ke murhu,"
na rasa yadda zan kai shi Faransanci.

Wajen ƙarfe biyu aka kawo wuta.
Fanka ta yi tari, ta fara juyawa a hankali.
Duk unguwar na barci,
sai can na ji Kakale yana tada yaransa.