Hancin Da Ke Kan Dangata

Jikana Gantulga ya zo da ita a aljihun riga,
'yar na'ura, ba ta cika tafin hannuna ba.
Ya ce, Kaka, kuɗinta buhun kwal uku ne kacal.
Ya cusa ta cikin guntun bututun ruwa,
ya ɗaure a jikin dangata da wayar ƙarfe,
bakinta na kallon ƙasa don kada ƙanƙara ta shiga.

Na ce, me take ci?
Ya ce, iska.
Na ce, to ta sauka a gidan wahala.

A cikinta akwai fanka kamar farcen ɗan yatsa,
tana zuƙa, tana ƙirga abin da ido bai isa ya kama ba,
ta aiko da lamba cikin wayata.
Ni Dolgorsuren, da na shekara talatin ina yagar tikiti a bas ɗin Ulanbata,
ban taɓa zaton zan tsufa ina karatun numfashi ba.

Birninmu ƙwarya ne, duwatsu huɗu ne bakinta.
Idan sanyi ya kai inda yawu ke daskarewa kafin ya taɓa ƙasa,
sai hayaƙi ya zama faifai, ya rufe mu ruf.
Mu na gangaren Chingeltei, masu tantunan ulu,
da mu ake fara sha, da mu ake suɗe ƙwaryar.

Na ɗauko littafin lissafin Nomindari da ta bari a rabi,
na ja layi a tsakiya. Hagu lamba, dama tari.
Litinin, ɗari uku da goma: sau biyu ta farka.
Laraba, ɗari shida: ta ture shayinta.
Daren Asabar ban rubuta komai ba,
muna layin asibiti, tana goye a bayana,
ƙirjinta na kuka kamar ƙyauren da ya manta da mai.

Na kai littafin ofishin unguwa.
Wani mai tabarau ya juya shafi da gindin biro,
ya ce wannan ta araha ce, ba ta da hatimi,
ta gaskiyar tana can tsakiyar gari, kuɗinta ya sayi gida.
Na ce, ranka ya daɗe, tarin ma ba shi da hatimi.
Ya yi dariya. Ya ba ni shayi. Ya miƙo mini littafina.

Ba shi ne ya hana ni barci ba.

Gantulga ne, ran da ya nuna mini zanen mako guda.
Kullum biyar da kwata na asuba
layin yakan zabura sama kamar an taka maciji.
Ya ce, Kaka, me ke faruwa a wannan lokacin?
Na kalli tafin hannuna.
Lokacin ne nake durƙusawa gaban murhu,
in zuba kwal, in hura,
don yarinyar ta buɗe ido cikin ɗumi.
Maƙwabcina Purevjav ma haka,
shi har da tsohuwar taya idan wata ya yi nisa.
Ashe ɓarawon da nake cigiya
da safar hannuna yake yawo.

Yanzu sun kai goma sha ɗaya a layinmu,
kowace da dangarta, kowace da tsegumin gidanta.
Mun koyi riƙe yara a ɗaki sai rana ta ɗaga.
Mun koyi kunna wutar daga sama maimakon ƙasa.
Lambar ta sauka kaɗan.
Kaɗan fa.
Abar ba ta iya ƙarya ba, ba ta kuma iya lallashi ba.

Gobe ma biyar zan tashi.
Sanyi a dare ɗaya yake karɓar bashinsa,
hayaƙi kuwa yana yarda a biya shi da kaɗan-kaɗan,
talaka ya san wanda zai zaɓa.
Zan laluba ashana cikin duhu,
ita kuma tana can waje cikin bututunta,
tana zuƙa,
tana rubuta sunana.