Ranar Ƙidaya a Bulava

Malamin ƙidaya ya shigo da ƙanƙara a gashin baki,
ya kakkaɓe takalmi, ya shimfiɗa takarda a teburinmu.
Gurbi ɗaya ne, in ji shi. Ƙabila. A faɗi ɗaya.

Kaka Fiyokla ba ta ɗago ba.
Fatar kifi ce a cinyarta, tana ta murza
har ta yi laushi kamar kunnen jariri.

Ta ce, rubuta Ulci, tunda shi kuka sani.
Mu Nani muke ce wa kanmu, 'yan ƙasar nan.
Ka hau Amur da filafili, kwana kaɗan,
Nanai za su ce sunansu ke nan su ma.
Ba mu taɓa kai ƙara ba.
Bakinsu da namu ɗan wa ne da ɗan ƙane.

Amma gangara wajen teku, wurin Nifki.
Maganarsu kamar ana fasa ƙanƙara da gatari,
ba ta haɗa hanya da tamu ba,
ga shi kuwa uwata tasu ce.
Karnuka tara suka jawo ta a kan daskararren kogi.
Shekara guda ita da ubana
da hannu suke hira, da dariya, da miƙo gishiri.
Daren bikin beyar, in an buga gungumen,
ba ka sanin ƙafar wa ke taka ta wa.

Malam ya duba agogo.

Ta ce, ban gama ba.
Kakan kakana ya ƙetaro daga Sahalin,
Ainu ne, gemu har ƙirji.
Kwana uku ya ce zai yi.

Ta jawo rigar da take ɗinki, ta baza masa.
Ƙirga, ta ce. Kifi nawa ne a nan?
Ya bi ɗinkin da yatsa, ya ɓace a hammata,
ya sake farawa daga wuya.

Ni ina gefen murhu, ina jin rabin zancen,
rabin kuma sai ta juya mini shi da Rashanci,
abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Ya rubuta kalmarsa ɗaya. Ta cika gurbin.
Kaka ta yanka masa ɗanyen kifi mai sanyi, ya ci,
ya nemi ƙari.

Da ya fita, ta gatsa zaren ta tsinke shi,
ta ce in kawo fitila kusa,
saura hannu ɗaya.