Wuta Biyu a Maƙera

Na sayi filasha na hannu a kasuwar Jahun
da kuɗin riɗin bara,
murfin batir a tsage, an ɗaure shi da roba.
Mai shagon ya ce, "Wannan ba ya tunani fa,
kai za ka yi masa."

Na kawo shi Harbo, maƙerar Baba Jatau,
inda duhu ke wuni ko rana na tsaka,
zugazugi na huci, gawayi na amsawa,
tsoho na gyara bakin lauje.

Bugun farko na sakar masa ƙarfi duka.
Fau!
Baba ya fito fari fat kamar an turbuɗa shi a garin rogo.
Wuta na ci a gabana, a hoton kuwa ta mutu.
Ya leƙo, ya ce, "Wannan fatalwar daga ina?"

Na rage. Rabi. Kwata. Ɗaya bisa takwas.
Na cire shi daga kan kyamara,
na ɗaure a gora, na miƙa wa Ɗanliti:
"Koma hagu, ɗaga sama kamar za ka kaɗo kanya."
Sai hanci ya sami inuwa,
tsagen gado ya farka a kumatu,
gumin goshi ya jeru ɗaya bayan ɗaya.

Hannun yaro ya gaji.
Daga taku biyu ya ja baya zuwa huɗu.
Na zaci rabin haske zan yi asara,
ashe kwata kaɗai aka bar mini.
Nisa ba ya ciniki da sauƙi.

Na so kama tartsatsi a sama,
na hanzarta shata, na haura ɗari biyu da hamsin.
Baƙin labule ya taso daga ƙasan hoto,
ya haɗiye uwar maƙera da ƙafafun Baba.
Gabana ya faɗi,
na ce shi ke nan, riɗi ya tafi a banza.

Daren nan sauro ya ci rabonsa, ban kore shi ba.
Can wajen kiran assalatu abin ya faɗo mini:
filasha baƙo ne mai sallama ɗaya,
ko ka bar ƙofa buɗe har la'asar
ya riga ya shiga, ya fita.
Amma sai ƙofar ta buɗe duka, in ba haka ba ya bar rabin kayansa a waje.
Wutar gawayi kuwa tsohuwa ce,
da sanda take tafe,
sai ka riƙe mata ƙyaure.

Da hantsi na koma.
Na yafa wa filasha wankakken buhun sukari
don haskensa ya daina tsawa.
Shata, ɗaya bisa talatin, domin tsohuwa.
Idon kyamara, biyar da ɗigo shida.
Aiso, ɗari huɗu.
Baƙo kuma, ɗaya bisa takwas, taku biyu, ba ƙari.
Na kafa gwiwar hannu a kan turmi,
na riƙe numfashi.
Guduma ta tashi.

Baba ya goge hannu a warki, ya karɓa.
Bai ko kalli fuskarsa ba.
Ya sa baƙin farce a kan ƙarfen da ke hoton:
"Ɗanliti, zo. Ka ga wannan jan?
Ba na gauta ba, ba na barkono ba.
A nan ake bugu.
Shekara arba'in da baki nake faɗa."

Na rubuta lambobin da gawayi a jikin bango,
ina ji da kaina.

Washegari hadari ya haɗo daga gabas,
hasken bakin ƙofa ya canza,
Baba ya ƙara gawayi,
batir kuma yana wurin mai caji.
Lambobina na nan a bango, sun zama labarin jiya.

Na tsuguna. Na fara daga kwata.