Gaɓar Logon

A Kusiri, ruwa ba ya fara cin gari daga tsakiya.
Gidan da aka gina bara a bakin gaɓa
shi ke fara tafiya.
Tsohon zauren kakanni yana nan da tsagarsa,
yana kallo.

Haka likita ya ce mini, ko kusan haka,
ran da na kai Inna Hajjo asibiti a bayan babur,
tana ta tambayata nawa ne kuɗin haya.
Ya ɗaga hoton kanta ga hasken taga:
"Ba sammu ba ne, ba iska ba ce.
Ƙwaƙwalwa ce ke zaizayewa.
Na yau ke fara faɗawa ruwa, na jiya ya bi,
na shekara arba'in ya jima a tsaye."
Na ce, "Magani fa?"
Ya daɗe yana gyara biro a aljihu.

Kafin nan mun yi turare, mun yi tofi,
tumaki biyu sun tafi a neman sauƙi.
Maƙwabciya ta hana 'ya'yanta shiga gidanmu
don an ga Inna tsakar dare a ƙofarsu
tana kiran sunan matattu.
Ba mayya ba ce, Ladidi.
Yayarta take nema, su tafi ɗiban ruwa.

Shekara talatin tana haye kogi zuwa Injamena
da kwandon banda a ka.
Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba,
amma bashin mutum sittin yana kanta,
sefa ɗaya ba ta ɓata.
Ta yi ciniki da Larabci, ta yi tsiya da Fulatanci,
ta lallashi jandarma da ɗan Faransancin bakin gada.
Faransancin ya fara tafiya, Larabcin ya bi sawu,
yanzu Hausar ma tana zubar da ganye.
Cokali ya zama "abin nan."
Ni na zama "bawan Allah."

Da la'asar abin ya fi tashi.
Sai ta yafa mayafi ta ce za ta gida,
alhali tana cikin ɗakin da ta haife ni.
Da can ina gardama:
"Inna, nan ne gida. Baba ya rasu tun shekarar kwalara."
Sai ta fasa kukan sabuwar takaba,
kullum sabuwa.
Sau nawa zan kashe mata miji?
Na daina.
Yanzu sai in ce, "To, mu je."
Mu zaga ta bayan masallaci, mu gai da mai shayi,
mu dawo ƙofar da muka fito,
ta sauke numfashi: "Alhamdu lillahi, mun iso."

Ta ce na sace mata jaka goma.
Na tsince su a jiƙe cikin randa.
Na fita zaure na ciji hannun riga
don kada in ɗaga mata murya.
Wata rana na ɗaga.
Ita ta manta kafin magariba,
ni har yau.

Amma jiya matata ta sayo kifi.
Inna ta miƙa hannu, ta juya shi, ta shinshina,
ta danna cikinsa da babban yatsa:
"Wannan ya kwana biyu. An cuce ki, yarinya."
Muka yi dariya har tuwo ya kusa ƙonewa.
Ashe akwai sauran zaure a tsaye.

Da dare ina cire mata ƙaya ina ba ta a baki,
ta daɗe tana duban fuskata.
"Kai yaron kirki ne. Uwarka tana raye?"
Na ce, "Tana nan."
Ta ce, "Ka riƙe ta."
Na ce, "To."
Na miƙa mata wata loma.