Bencin Bayan Tsohon Jirgi

Asabar ɗin ƙarshen wata
ni ke kai Kaka Tanimu gidan zu.
Ba don biri ba, ba don jimina ba,
ya ce ya ga isassun namun daji a layin banki.

Na kafe kekena a bakin ƙofa, na biya na mutum biyu.
Mai tikiti ya ce, "Baba, mutumin naka bai iso ba."
Kaka ya ce, "Yaushe ya taɓa isowa?"

Muka shige ƙarƙashin dogayen zaiti
masu saɓule ɓawo kamar tsohuwar riga.
Hayaniyar Taminus ta tsaya a bakin shinge
yadda takalma ke tsayawa a ƙofar masallaci.
Sanyin Jos ne kawai ya biyo mu, shi ba ya biyan tikiti.

Ga 'yan makaranta cikin shuɗi, jere kamar 'ya'yan zabi,
malama na ƙirga su, kullum saura ɗaya.
Ga amarya bisa dutse ana ɗaukar ta hoto,
takalmi a hannu, iska na kokawa da ɗaurinta.
Mai gasa masara na fifita wuta da murfin kwali.

Can ƙurya kan jirgin kuza yake tsugune,
tsatsa ta ci gwiwoyinsa, ƙadangaru sun gaje shi.
Kaka ya dafa shi kamar mai duba majinyaci:
"Kai ka sha gawayi, ka bar mu da tari."

Sai ga Da Chuwang, sanda na gaba yana biye,
hular ulu har kunne, jikarsa riƙe da leda.
Babu sallama.
"Ka tsufa."
"Kai ka fara."
Goro ya tafi can, acca ta zo nan,
benci ya yi ƙara, ya karɓe su.

Tare suka ɗauki kwano a ramin kuza,
ƙafa cikin jan taɓo, ciki babu komai.
Tun shekarar da hayaƙi ya rufe garin nan
Kaka bai ƙara hawa Kabong ba,
shi ma bai ƙara sauka Gangare ba.
Ba wanda ya kafa musu doka.
Hanya ce ta daina kaiwa.
Sai nan, inda itatuwa suka girmi rigimar,
inda ba a tambayar suna kafin a ba ka inuwa.

Musunsu ɗaya ne, ya fi shekara sittin:
ranar da kududdufi ya kusa cin yaro,
wa ya faɗa, wa ya miƙa gora?
Kowa ya ce shi ne a kan tudu.
Akwai kuma batun wani sule uku
da ban taɓa gane wa ke bin wa ba.

La'asar ta yi. Kaka ya shimfiɗa gyalensa a ciyawa.
Da Chuwang ya miƙe da ƙyar,
ya tsaya gefe da sandarsa a gicciye
yana kore yara kada su gifta gabansa,
fuska a murtuke kamar ɗan sandan hanya.
Ni da jikar muka dubi juna,
muka mai da ido kan jirgi.

Da mai gadi ya fara kaɗa makullai
suka fito a hankali, kafaɗa na gugar kafaɗa.
A ƙofa ɗaya ya yi hagu, ɗaya dama,
ba wanda ya waiwaya, wai kada a ce.

Mun kusa gida, ledar acca a cinyarsa,
na ji shi ta baya, ƙasa da ƙarar inji:
"Ni na ciro shi."
Muka wuce rami biyu, muka wuce mai shayi.
"Ko kuwa shi ne?"